Tafin Hannun Inna

Litinin, 1 ga Satumba

Yau aka sallamo Inna daga asibiti, bayan kwana ashirin da uku. Ni da Yaya da direban tasi muka ɗauko ta a kan kujera har hawa na uku, Yaya na haki yana tambayata wai me ya kai ni zama a sama kamar tsuntsuwa. Shekara tara ina gidan nan, sai yau ya san tsawon matattakalar.

Ɓarin dama duk ya shanye, hannun hagu kaɗai ke aiki. Magana kuwa ta tafi, kalma ɗaya ta bar mata: "to". Matar da in ta fara faɗa sai maƙwabta sun rage rediyonsu don su ji da kyau.

Bari in rubuta abin da likita ya ce, don kada gobe in ce ban ji ba. Maƙogwaronta lafiya lau, tana iya haɗiya, ƙin ci kawai take yi. Ta zube da kilo shida. Ya ba mu zuwa 29 ga wata. Ranar za a ɗora ta a sikeli, in ta ƙara raguwa a mai da ita gado a zura mata robar abinci ta hanci. An sa mata a makon farko, ta fizge sau biyu, har sai da suka ɗaure hannun hagun a ƙarfen gado. Na ga idonta ran nan. Ba na son in sake ganinsa haka.

Gishiri kuma ɗan mitsitsi, in ji shi.

Laraba, 3 ga Satumba

Na samu mai jinya, wata dattijuwa mai sanyin hannu da surutun tsiya. Za ta riƙa zama da Inna daga bakwai zuwa biyar, ban da Asabar da Lahadi. Na koma shago. Yini na yi ina auna idon mutane ina tambayarsu wanne gilashi ya fi, wannan ko wancan, hankalina yana hawa na uku.

Da na tashi na biya gidan abincin da ke kusa da mu na sayo shinkafa mai laushi da romon kaza. Na juye a faranti tun a falo don kada ta ga ledar. Ta ji ƙararta. Kunne dai bai shanye ba. Ta datse baki ta juya wa bango fuska.

Shayi rabin kofi, shi ke nan abincin yau.

Juma'a, 5 ga Satumba

Akwai abin da take yi da na kasa ganewa. Duk lokacin da na shigo da faranti sai ta miƙo hannun hagu, tafin a buɗe yana kallon sama, ta ce "to". Na sa mata magani, ta kifar. Na sa cokali, ta sake shi ya faɗi. Na sa carbinta, ta dube ni irin kallon da take min ina yarinya in na fasa kwano. Na ɗora hannuna a kai, ta ɗan riƙe, sai ta ture.

Mai jinya ta ce masu irin wannan ciwon haka suke, hannu na yin abin da ya ga dama. Ban yarda ba. Inna ba ta taɓa yin abu a banza ba, ko tari ta yi akwai wanda take nufi da shi.

Lahadi, 7 ga Satumba

Yaya ya zo. Da ta miƙa masa hannun sai ya laluba aljihu ya ɗora mata kuɗi. Ta watsa masa a ƙirji. Da ba don halin da ake ciki ba da na yi dariya har na faɗi.

A falo muka yi ta. Wai jiran me muke, a mai da ita gobe a sa robar, ina kashe ta da yunwa don taurin kaina. Na ce shi da yake leƙowa awa ɗaya a mako ba shi zai gaya min abin da ake ciki ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ce, "Auta, ke da ko ƙwai ba kya soyawa, da me za ki ciyar da ita?"

Ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Talata, 9 ga Satumba

Mai jinya ma ta faɗi tata. Wai tsohuwa irin wannan ba ta cin girkin da ba ta san hannun mai shi ba, in daure in dafa mata da kaina. Ta faɗa kamar wadda ta ce in buɗe taga.

Ba ta san shekara goma sha ɗaya rabona da tukunya ba. Na iya girki a da, Inna ce ta koya min, kuma ba da wasa ba. Sai na yi aure, na shekara huɗu ina dafa wa mutumin da bai taɓa kai loma baki ya yi shiru ba. Yau ruwa ya yi yawa, gobe mai ya yi kaɗan, jibi wai ko a asibiti an fi haka. Ranar da auren ya mutu na rantse ni da murhu sai dai kallo. Na kuwa cika alkawari, garin nan ba a rasa mai dafa maka in kana da abin saye.

Da Baba ya rasu Inna ta dawo wurina, shekara huɗu ke nan, ta karɓe kicin ba tare da ta tambayi kowa ba. Gimbiyar leda take ce min. Kullum sai ta rufe min abinci a kan tebur, ni kuma sau nawa na dawo na ce na ƙoshi, na ci a shago. Sai ta ɗauke ta sa a firij. Sau nawa? Yau na zauna ina ƙoƙarin tunawa. Ina jin kunyar kaina.

Laraba, 10 ga Satumba

Na buɗe kicin sosai, ba shigar dafa shayi ba. Albasarta ta tsira a kwando, tsiron ya kai tsawon yatsa. Tumatir ya narke ya zama ruwa. Kwalabe goma sha biyu a jere, ko ɗaya ba rubutu, ita kaɗai ta san na ciki. Ludayinta na katako yana rataye inda ta bar shi da safen da ta faɗi, bakinsa ya cinye gefe ɗaya saboda juyi.

Na wanke ko'ina. Na bi kwalaben da hanci ɗaya bayan ɗaya, na gane bakwai.

Alhamis, 11 ga Satumba

Babban kanti na je, mai sanyi da kekunan turawa. Komai a naɗe cikin leda, an wanke an jera, ba ka jin ƙanshin komai. Na kwaso dankali da karas da kaza. Na rufe ƙofar kicin don kada hayaƙi ya dame ta, na yi awa biyu a ciki. Na yanke yatsa, na ƙona albasar farko, na sake.

Na kai mata. Ta miƙo hannun nan. Na ce Inna ni na dafa, da hannuna, ga yatsan ma shaida. Ta kalli yatsan, ta kalli farantin, ta rufe ido.

Na koma kicin na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Har da haushinta na ji, Allah ya yafe min. Na ce a raina ashe har ke.

Asabar, 13 ga Satumba

Maƙwabciyata ta zauna da ita, na tafi kasuwar da take zuwa, ta bayan tashar bas. Na ɗauki jakarta ta saƙa don ita na gani a bayan ƙofa. Shekara tara ina wuce bakin kasuwar nan ta tagar mota, ban taɓa sa ƙafa ba.

Ina shiga ƙanshi ya doke ni, ɗanyen ganye da citta da ƙarnin kifi da ƙasa mai laima, duk a haɗe. Na tsaya kamar baƙuwa, masu kaya na ce min a ba su hanya. Sai wata tsohuwa mai tumatir ta ƙwala min kira. Ba ni ta gane ba, jakar ta gane. Ta ce ina mai jakar nan, wata guda ba ta zo ta zage ta ba.

Da na gaya mata sai ta shiga gyara tumatir ɗin da ba ya bukatar gyara. Can ta ce in zaɓa. Na fara ɗaukar manya masu sheƙi, ta buge min hannu. "'Yar wa kike? Sansana gindin." Na kai hanci, sai ga ni ina shekara tara, riƙe da gefen zanen Inna, tana cewa wanda ba ya ƙanshi a kasuwa ba zai yi a tukunya ba. Hannuna ya shiga danna wuyan albasa da kansa, ban ce masa ya yi ba. Wajen mai kifi ma na ɗaga kunnen kifin na duba ja ne ko fari, har ya ce ashe 'yar gida ce.

Na dawo jaka cike, kafaɗa na ciwo. A bas na kama kaina ina jin wani ɗan daɗi, sai na tuna dalilin zuwana, ya gudu.

Miyar ta yi kyau, ni kaina na san ta yi. Ba ta ci ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Shayi rabin kofi, madara cokali uku. Zoben hannunta ya fara zamewa. Saura kwana goma sha biyu.

Asabar, 20 ga Satumba

Dole in rubuta yau.

Maƙwabciyata ta yi tafiya, ba mai zama da Inna. Na ji tsoron in bar ta a ɗaki ni ina kicin ƙofa a rufe, sai na ja kujerarta na ajiye a bakin ƙofar kicin inda zan riƙa ganinta. Ba dabara ba ce, tsoro ne kawai.

Ina yanka albasa na ji idonta a bayana. Na zuba mai, ta ce "to" gajere. Na rage. Na ɗauko kwalbar da ban sani ba, ta ce "to" mai kaifi, na mayar da sauri. Miya ta fara tafasa, na juya da ludayinta, na waiwayo in ga ko tana lafiya, ludayin a hannuna. Sai ta miƙo tafin nan. Na buɗe baki zan ce Inna me kike so kuma, sai na ga ba ni take kallo ba. Ludayin take kallo.

Wallahi sai a lokacin na gane. Shekara arba'in da ɗaya ina ganin matar nan tana girki. Ludayi a dama, ta ɗiga miya a tafin hagu, ta lasa, ta ɗan ɗaga kai tana tunani. Ba a taɓa sauke tukunya a gidanmu ba sai an yi haka, kuma ba ta taɓa cin abin da ba ta ɗanɗana yana kan wuta ba. Ko gidan mutane ta je sai ta san yadda ta yi ta kutsa kicin. Hannun daman ne ya mutu, hagun na nan yana jiran aikinsa. Kwana goma sha biyar tana roƙona abu ɗaya, ni ina zuba mata ƙwayoyi da carbi. Ni da nake cin abinci da gyaran ganin mutane.

Na hura, na ɗiga mata. Ta kai baki a hankali, rabi ya bi haɓarta. Ta ɗaga kai. Ta yamutsa fuskar da rabinta kawai ke yamutsuwa, ta nuna kwalbar gishiri da haɓa. Na ce likita ya hana. Ta harare ni, ta harari likitan ta cikina, sannan ta nuna lemon tsami. Na matsa rabi. Na sake ɗiga mata.

"To," in ji ta. Doguwa, mai saukowa ƙasa. Na san wannan, ita ce ta a sauke.

Ta ci cokali bakwai a nan bakin ƙofa. Na ƙirga. Na takwas ta kau da kai, ban matsa ba. Na durƙusa na kifa fuska a cinyarta na ce ta yafe min. Ta dafa kaina da hannun, yana warin lemo.

Lahadi, 21 ga Satumba

Cokali goma sha ɗaya da rana, shida da yamma. Ta mayar da ni wuta sau uku.

Laraba, 24 ga Satumba

Yanzu ina sauka a tasha in biya kasuwa kafin in hau gida. Kaɗan-kaɗan nake saye, na yini ɗaya, don in sami abin kawo mata. Ina zuwa sai in ɗora tire a cinyarta in juye jakar. Ta bi su ɗaya-ɗaya da hannun hagu, ta danna, ta sansana, wanda bai yi mata ba ta ture shi gefe. Jiya ta ture tattasai biyu cikin biyar. Na gaya wa mai tumatir, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce alhamdu lillahi tsohuwar fitina ta farfaɗo.

Ina girki ina ba ta labarin kasuwa. Mai kifi ya yi faɗa da mai kankara, an tayar da masu ganye daga bakin hanya sun dawo bayan awa ɗaya. Tana saurare da ido. Na lissafa "to" iri shida yanzu: ta ƙara, ta rage, ta dakata, ta ke wawiya ce, ta ci gaba da labari, da ta a sauke.

Ta huɗun ta fi yawa.

Asabar, 27 ga Satumba

Tana ci, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Kwana bakwai ba za su biya na ashirin ba. Wuyan rigarta har yanzu yana zamowa kafaɗa. Jibi ne.

Litinin, 29 ga Satumba

Ta ragu da rabin kilo.

Likita ya fara rubutu, Yaya ya dube ni irin kallon ai na gaya miki. Inna ta ji an ambaci gado, sai ta cusa hannun hagun a ƙarƙashin cinyarta ta danne. Wannan ne ya sa na yi abin da na yi.

Na taho da miya a kula da ludayin a jaka, tun da safe na dafa tana bakin ƙofa, amma da gangan ban ba ta ɗanɗanon ƙarshe ba. Na ce likita ya ba ni minti biyar. Ya ce nan ba wurin cin abinci ba ne. Na ce na sani, na buɗe kular a kan teburinsa, kusa da takardunsa. Ban san inda na samo wannan rashin kunyar ba, wataƙila gado ne.

Na juya miyar na ɗaga ludayi. Ta daɗe ba ta motsa ba. Na ce a raina shi ke nan, na kunyata mu duka. Sai hannun ya fito a hankali ya buɗe. Na ɗiga, ta lasa, ta ɗaga kai tana tunani kamar duk asibitin jiranta yake. Sannan ta yi doguwar.

Cokali goma sha huɗu a gaban likita. Ya ajiye biro yana kallo. Ya tambayi tun yaushe, na ce kwana tara. Ya ce ya ƙara mana mako biyu, amma in ta sake raguwa ko da ɗigo ne kada in zo masa da tukunya.

Muka shiga mota da Yaya. Can ya ce, yana kallon titi, "Ni ma fa a tafina take ɗiga min ina yaro, in na dame ta da kuka. Kuma na ɗora mata kuɗi." Na bar shi, ko da yake ina da abin cewa.

Asabar, 4 ga Oktoba

Yaya ya zo da kaji biyu da ya zaɓo da kansa. Inna ta danna ƙirjin ɗaya ta ba shi "to" ta huɗun nan, ta wawa. Ya zauna ya ci tare da mu a ƙasan kicin, don nan ne falonmu yanzu. Ya ƙara sau biyu bai ce ya yi daɗi ba. Ban damu ba, na ga kwanon.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ta ƙaru da kilo ɗaya da ɗan ɗori. Likita ya ce a bar maganar roba. Na ce ya maimaita a gabanta, ya maimaita.

Asabar, 18 ga Oktoba

Da safe kasuwa ta fi kyau, kafin rana ta taɓa ganye. Na yi awa biyu ban sani ba. Na san wanda ke jiƙa alayyafo don ya yi nauyi, na san wadda ke ɓoye mai kyau a ƙarƙashin tebur sai wanda ta ga dama. Yau ta ga dama da ni. Na sayo albasa da yawa don sabuwa ta shigo, busasshiya mai ƙara a hannu.

Ina son abin nan. Na rubuta, na duba, ban goge ba. Ina son ƙarar albasa in ta faɗa mai, ina son lokacin da tumatir ke daina tsami ya fara zaƙi. Tsohon mijina bai kashe shi ba ashe, ni na kulle shi na jefar da makulli. Abin da ke ci min rai shi ne shekara huɗun nan. Tana tsaye da ƙafarta a kicin ɗin nan, da bakinta da komai, ni ina wucewa da leda. Da na tsaya ko sau ɗaya, da ta gaya min sunan abin da ke cikin sauran kwalabe biyar ɗin. Yanzu sai dai ta nuna in zuba.

Yau ta lasa sau ɗaya kawai ta yi doguwar. Bai taɓa faruwa ba. Na ce Inna ko dai kin gaji ne, ta harare ni.

Talata, 21 ga Oktoba

Mai jinya ta kira ni ƙarfe goma sha ɗaya ina tsakiyar auna idon wani. Ciwon shanyewar ya sake buge ta karo na biyu a kan kujera. Muna asibiti. Ba ta buɗe ido ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Inna ta rasu yau da hantsi. Ina riƙe da hannun hagun, ba a ɗaure yake ba. Ba a sa mata komai a hanci ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Matar Yaya tana aiko abinci kullum, Allah ya saka mata, ina ci don kada a ce. Yaya ya ce in koma wurinsu na ɗan lokaci, na ce a'a. Na mai da kujerar ɗaki na rufe ƙofar kicin.

Kowa na ce min na yi ƙoƙari. Wata ɗaya da kwana ɗaya na ciyar da ita. Ita shekara nawa?

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na koma shago tun Litinin. Na sayo abinci a leda, na buɗe, na rufe.

Warin albasa ya fara fitowa ta ƙasan ƙofar kicin, dole na shiga. Biyu sun ruɓe, sauran na nan. Zubar da su asara ne, shi ya sa na ɗora tukunya, ba don wani abu ba. Da miya ta tafasa na waiwaya bakin ƙofa da ludayi a hannu. Na kashe wuta na fita. Sai bayan awa ɗaya na iya dawowa na ƙarasa.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Albasar ta ƙare tun Talata.

Na je kasuwa don in gaya wa mai tumatir, tunda ba wanda ya gaya mata kuma tana da haƙƙi. Wannan kawai ya kai ni. Tana ganin fuskata ta gane. Ta jawo min benci, muka zauna muka yi kukanmu, masu saye suna tsaye suna jira, ta ce su je gaba. Ta ce shekara huɗu ba ta taɓa sayar wa Inna abu ba tare da an yi rigima ba, kuma ba ta da abokiyar ciniki kamarta.

Da na tashi tafiya sai na ga kabewa a teburin da ke kusa, an yanka ta, cikinta ja kamar gwaiduwa. Inna ba ta son kabewa. Ko ƙofar kicin ɗinta ba ta taɓa shiga ba, wai abincin marasa haƙori ne. Ni kuwa ina so tun ina yarinya, a gidan ƙawata nake ci in goge baki kafin in dawo. Na manta ma ina so, sai da na gan ta.

Na wuce, na kai har bakin tasha, na dawo. Yanki ɗaya kawai na ce a ba ni. Tunda na tsaya, na ɗan haɗa da albasa da tumatir da citta, kada a ce na zo na zaunar da tsohuwa a banza.

Ba wanda ya taɓa nuna min yadda ake dafa ta. Na yi ta lalube, na zuba wannan na rage wancan, na ɗauko ɗaya daga cikin kwalabe biyar ɗin na sansana na ga kamar za ta dace. Na zauna a ƙasan kicin na ci. Na tashi na ƙara.

Inna ki yafe min, ta yi daɗi.

Sauran rabin na naɗe na sa a firij.